Tsuntsun da Haruna Bai Taɓa Gani Ba

Bana shekara tara ke nan da muka sa ƙanena Haruna a ƙasa, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta da ke bayan garin Lyon. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa shinkafa da wake, abincin da ya fi so, in raba wa maƙwabta a benenmu na Bobigny, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama. Wani abu ya faru a gidanmu da ya sa nake jin kamar jiya Haruna ya gama yi mini magana, shi ya sa na ari wannan fili don in gaya wa masu karatu ko wane ne shi, da abin da ya bar mini, wanda har yau ban san ko gado zan kira shi ko kaya ba.

Mu uku muka rayu a ɗakin innarmu a Maradi: Alhaji Mutari babba, ni Balki a tsakiya, Haruna auta. Akwai biyu tsakanina da Haruna da suka koma tun suna rarrafe, hannuwa da ƙafafu a kumbure. Babanmu da innarmu ɗan wa da ƴar ƙane ne, auren gida, tuwona maina, kuma ban taɓa ganin zaman aure mai kwanciyar hankali irin nasu ba. Haruna ya zo duniya da ciwon da mu a Nijar muke ce wa emasi, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce sikila. Sai dai wannan suna ba ya fita daga bakin kowa a gidanmu. Idan ciwon ya tashi, yaro yana birgima yana cizon zane, sai a ce sanyi ne ya kama auta. Inna ta ɗumama dusa ta ƙulle a tsumma tana gasa masa gaɓoɓi, a ja ƙofa don kada maƙwabta su ji. Dalilin kowa ya san shi ba tare da an faɗa ba: gidan da aka laƙaba wa wannan suna, ƴaƴansa mata kan tsufa a gaban iyayensu.

Yaron da ba ya iya buga ƙwallo, ba ya shiga ruwan sama, me ya rage masa in ban da littafi? Haruna ya ci littafi kamar gara. Lokacin da ya samu gurbin ƙaro karatu a Lyon, ni da Alhaji mun daɗe a Faransa. Alhaji ne ya fara zuwa, ya kafa magaza, wato shagon takalma da atamfofi, a Aubervilliers, ya jawo ni da maigidana. Da maigidana ya rasu ya bar ni da ƴa guda ƙarama, Alhaji ne ya ba ni tebur a magazar, shi ya tsaya mini har na samu ɗakin da nake ciki. Ina faɗar wannan tun da wuri don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka yayana mugu ne. Shi ne wanda yake goya Haruna a baya ya kai shi likita lokacin da babu ko keke a gidanmu.

Duk mun ɗauka likitanci auta zai karanta, ko don ya ji da kansa. Sai ga shi ya zo hutu ya ce shi tsuntsu yake bincike. Alhaji ya ajiye cokali ya ce, "Tsuntsu? To ko zabo ne, mu san dai za a ci?" Haruna ya ciro hoto ya nuna mana: wani ɗan mitsitsin abu ne mai ruwan ganye, bai kai babban yatsana ba, da farin zobe kewaye da ido. Sunansa na boko ya fi shi tsawo, ban taɓa iya faɗarsa ba. Na ce wannan ai kwalli ya sa, sai dai nasa fari ne. Daga ranar ya zama Mai Farin Kwalli a bakinmu, har abokan aikinsa Turawa suka koyi faɗa, suna karya harshe. A duk faɗin duniya, in ji Haruna, ba a samun irinsa sai a kan duwatsun wani tsibiri guda a Tekun Indiya.

Na fi kowa zuwa wurinsa, don duk lokacin da ciwon ya kwantar da shi ni ake kira. A haka na san ɗakin bincikensu. Na shiga ina tsammanin zan ji kukan tsuntsaye, sai na tarar da manyan firigo, wato firij, a jere suna gurnani. A cikinsu akwai ƴan ƙananan kwalabe, kowace da ɗigon jinin tsuntsu ɗaya. Mutumin da sanyi ne babban maƙiyinsa, ga shi Allah Ya ajiye masa abincinsa a cikin ƙanƙara. Safar hannu biyu yake sawa, wani lokaci ma wata abokiyar aikinsa ce take ciro masa kwalaben ya jira daga nesa. Na ce masa, "Auta, duk tsuntsayen Maradi ba su ishe ka ba, sai na firigo?" Ya yi dariya har ya riƙe ƙirji.

Ranar ce ya zaunar da ni ya yi mini bayanin aikinsa, kuma da akuyoyin babanmu ya fara. Ya ce ko na tuna shekarar da fari ya cinye garken Baba, akuya biyu da bunsuru ɗaya suka tsira? Na tuna. Daga su aka sake tayar da garken, shi ya sa bayan ƴan shekaru duk akuyar gidanmu tana da jan tabo a kunne, ko a kasuwa ka gan ta ka san tamu ce. Ya ce to na tuna kuma yadda jefi-jefi ake haifar ɗan akuya mai lanƙwasasshiyar ƙafa, alhali uwar da uban lafiyarsu ƙalau? Wannan ma na tuna, Baba yakan ce baki ne. Haruna ya ce ba baki ba ne. Abu ne da yake ɓoye a jikin ɗaya daga cikin ukun nan, ya bazu a garken, sai ranar da ya haɗu da kansa ta wajen uwa da ta wajen uba ya fito fili.

Haka labarin Mai Farin Kwalli yake, in ji shi. Tun zamanin da babu ɗan Adam a tsibirin, guguwa ta kwaso wasu ƴan tsirarun tsuntsaye daga wata ƙasa ta watsa su can, suka kasa komawa, suka hayayyafa har suka cika daji. Duk wannan a cikin jini ake karanta shi, a ƙwayoyin gadon da kowane mai rai yake karɓa daga iyayensa. Ya ce jini maroƙi ne da ya fi kowace kaka sanin asali: zai gaya maka lokacin da dangi suka yi yawa, da lokacin da suka ragu har suka kusa ƙarewa, kuma ba ya karɓar tukwici ya gyara labari.

Wata rana da ya zo Paris ya nemo mini izini na raka shi wani babban gidan adana halittu. Aka jawo mana wani dogon aljihun katako. Ga su nan kwance rigingine a jere, tsuntsayen da aka kamo tun kafin a haifi kakanninmu, auduga a gurbin ido, ƴar takarda ɗaure a ƙafa. Haruna ya sa wata ƴar wuƙa ya yanki abin da bai kai ƙwayar gero ba daga tafin ƙafar guda, da hankali kamar mai yi wa jariri aski. Da wannan yake gwada na dā da na yau. Abin da ya gani shi ne na dā sun fi bambanta da juna. Bayan an sare dajin ƙasa an shuka rake, tsuntsayen sun maƙale a kan duwatsu biyu, na wannan dutse ba ya zuwa wancan, kowane ɓangare yana aure a cikin gidansa, har jininsu ya koma kusan iri ɗaya. Na tambaye shi me ya hana su tashi su tsallake gonar rake, su da kakanninsu suka tsallake teku? Ya ce wannan ita ce tambayar da ke hana shi barci. Tsuntsu ne da ba ya yarda ya fita fili inda babu inuwar itace, ko da tazarar ba ta fi daga nan zuwa bakin titi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, har yau, shi ne Haruna bai taɓa ganin tsuntsun nan da rai ba. Can saman dutse yake zama, inda iska ta yi ƙaranci ga sanyi da hazo, wurin da likitocinsa suka ce in ya hau ba lalle ya sauko da ƙafarsa ba. Duk shekara abokan aikinsa su ɗaure jakunkuna su tafi da tarunsu, shi ya raka su har bakin ƙofa ya dawo ya zauna gaban firigo. Sun taɓa cewa ya zo ko a bakin teku ya tsaya. Ya ce me zai yi a bakin teku, tunda mutumin nasa ba ya saukowa? Sai suka naɗo masa kukan tsuntsun a waya. A ɗakinsa na Vaulx-en-Velin, can saman bene, inda na'urar hawa ta fi lalacewa a kan aiki, lokacin sanyi yakan yi makonni bai taka ƙasa ba. In shiga in same shi naɗe cikin bargo kusa da abin ɗumama ɗaki, ya kunna kukan nan, siriri kamar ana kaɗa ƙaramin cokali a kofi. Yakan ce, "Yaya, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanga nawa ne, ni da shi duk an rufe mu a sama."

Ƴata, wadda muke ce wa Nana, ita ce ta fari kuma ita kaɗai gare ni. Kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, ba na yabonta a gaban mutane, ba na sa baki a sha'aninta idan manya suna wuri. A nan Faransa aka haife ta, kuma tun a asibitin haihuwa aka gaya mana ba ta da ciwon, amma tana ɗauke da shi a ɓoye, kamar yadda aka gano ni ma ina ɗauke da shi. Haruna ne ya yi mata bayani da ta fara zama budurwa, wani hutu da muka je Lyon. Ya cire hularsa ya zuba goro huɗu a ciki, uku farare ɗaya ja, ya ce ta rufe ido ta ɗauka. Ya ce idan mai ɗauke da shi ya auri mai ɗauke da shi, kowane ciki haka yake: a sa hannu a hula. In an ɗauki fari an tsira, amma ciki na gaba sai a mayar da goron a sake girgizawa. Nana ta ce, "Jan fa, Kawu?" Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Ga shi zaune gabanki." Muka yi dariya dukanmu, ni tawa ba ta kai ciki ba.

Ya kammala digirinsa na dakta a zaune, don ranar da ya gabatar da bincikensa a gaban malamai ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Alhaji ya zo da babbar riga, bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya fi kowa tafi, yana gaya wa duk wanda ya gani cewa ƙanensa ne. Sanyin da ya biyo baya ciwon ya sauka a ƙirji, bai tashi ba. A zaman makoki na ji Alhaji yana gaya wa masu gaisuwa cewa gajeruwar rashin lafiya ce. Gajeruwa! Ciwon da ya fara tun yaron bai yi haƙori ba.

To, ga abin da ya faru bana. Kabiru, babban ɗan Alhaji, a Maradi aka haife shi, sai da ya girma ya zo. Shi da Nana taubasai ne, ɗan namiji da ƴar mace, tun zuwansa suke tsokanar juna, ita ta ce masa baƙauye, shi ya ce mata Baturiyar da ba ta iya tuƙa tuwo ba. Ba mu ankara ba wasa ya zama gaske. Babu wanda ya tilasta wa wani, su suka ga juna suka so. Da maganar ta fito dangi suka ɗauka da guɗa daga nan har Maradi, ni ma na yi murna, don yaro ne mai hankali da na san cikinsa da bayansa. Murnar ba ta kwana ba na tuna da hular Haruna. Kabiru ba a taɓa duba jininsa ba, kuma ubansa cikinmu ɗaya.

Na samu Alhaji a magaza bayan azahar, yana zaune tsakanin kwalayen takalma. Na gaishe shi, na durƙusa kamar yadda na saba, na ce, "Yaya Alhaji, ina da magana. Kahin a kawo valiz ɗin lefe, ina son Kabiru ya tahi labo a ɗibi jininshi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Analiz ɗin mi? Yaron da ke ɗaukar karton biyu a kahwaɗa guda? Balki, ke uwa ce, kuma Nana ɗiyar hwari ce. Ina kunyarki ta tahi? Ba a jin bakin uwa a wanga sha'ani."

Na ce, "Saboda Haruna na ce."

Ya ce, "Haruna sanyi ya kama shi, kwananshi ya ƙare. So kike a ce gidanmu da ciwo? Wa zai ƙara neman ɗiyanmu? Kar in sake jin wagga magana."

Na san tsoronsa, don ni ma ina da irinsa. Mu ƴan tsiraru ne a ƙasar nan. Kowa ya ga jikokin wani da ba su iya ko gaisuwa da Hausa ba, shi ya sa kowa yake jan nasa a jiki, ana cewa gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Mun tsallake hamada da teku mun zo, amma tsallaka titi mu nemi aure a gidan da ba namu ba ya gagare mu. Na koma wajen Nana, duk da nauyin da nake ji. Ta ce, "Maman, s'il te plaît, don Allah. Kabiru lafiya lau yake." Ta faɗa tana kallon bango. Na gane ba mantawa ta yi da goron ba, tsoron sa hannu a hular take yi tun kafin a ɗaura.

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa jin ƙunci irinsu ba. Da safe in hau bas in tafi magaza, in zauna a teburin da Alhaji ya ba ni, ina jin sa yana waya da masu ɗinki da masu abinci. Da yamma in koma ɗakin da shi ya tsaya mini na samu, in tarar da ƴata tana gwada lalle a hannu. Baffanta da ke Maradi ya riga ya wakilta Alhaji, don haka shi ne uban ango, shi ne kuma mai ba da amarya, wuƙa da nama duk a hannunsa. In na yi magana na raba zumunci, na kunyata gidanmu, wataƙila in rasa wurin zama. In na yi shiru, wata rana ni ce zan ɗumama dusa in ja ƙofa. Gaba kura, baya sayaki.

A kwanakin nan na yi ta tambayar kaina abin da Haruna zai ce da ya ga zamanin nan. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ta riƙe ƙirji idan ya ga yaranmu suna aika yawunsu a ambulan don a gaya musu daga ina kakanninsu suka fito, alhali ga ɗakin gwaji a kowace unguwa an kasa shiga a tambayi abin da ya shafi ƴaƴan da za a haifa. Na kuma san ba zai zagi auren zumunci ba. Ya sha gaya mini cewa akwai tsuntsayen tsibiri da suka daɗe suna aure a gida kuma suna nan daram, kusanci kaɗai ba shi ne ciwo ba, bare ma yana iya kasancewa ɗauke da abin. Abin da yake ƙi shi ne rufa-rufa. Abokiyar aikinsa, wadda take ciro masa kwalabe, har yanzu takan aiko mini da gaisuwa duk shekara. Ta ce yanzu ana dasa itatuwa a tsakanin duwatsun biyu ko tsuntsayen za su yarda su bi inuwa su tsallaka. Ban sani ba ko sun fara bi.

Ranar kawo valiz ta zo, wata Lahadi da la'asar. Matan gidan Alhaji suka cika falona, uwar Kabiru a gaba, ana guɗa har maƙwabta suna leƙowa. Ni kuwa, kamar yadda al'ada ta ce, ina ƙuryar ɗaki, don uwar amarya ba ta fitowa, ƙawayena ne suke karɓa. Nana tana ɗaya ɗakin da ƙawayenta. Ina zaune a bakin gado ina jin ana zuge akwati na farko, ana ɗaga atamfa ana shewa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fito falon ba ko mayafin kirki, guɗar ta tsinke a tsakiya. Ga tiren goro a kan tebur. Na tsinci uku farare da ja ɗaya na zuba a ƙaramin kwano, na yi musu bayanin Haruna kamar yadda ya yi shi. Sannan na ce, "Ƙanena ba sanyi ya kashe shi ba, emasi ne. Ni ina ɗauke da shi. Nafisatu tana ɗauke da shi. Ba za a buɗe sauran akwatunan ba sai an ga jinin Kabiru."

Tun ranar suna ban taɓa furta sunan nan ba sai ranar. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji, ban san wanne ya fi girgiza ta ba, sunan ciwon ko sunan ƴar. Uwar Kabiru ta rufe akwatin da hannunta, suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kafin magariba labari ya isa Maradi ya dawo. Aka ce zaman Turai ya cire mini kunya, aka ce baƙin ciki nake da ɗan yayana. Alhaji bai kore ni ba, da ma ya kore nin da ya fi sauƙi. Yana amsa gaisuwata kamar yadda yake amsa wa mai sayen takalmi, in yana son wani abu a teburina sai ya aiko. Kabiru ne, ba da sanin kowa ba, ya je aka ɗebi jininsa. Wata safiya ya tsaya a gaban teburina, wannan ƙaton saurayi, idanunsa jawur, ya ce, "Gwaggo, ni ma ina da shi." Shi da Nana suka je suka ga likita, aka yi musu bayanin duk hanyoyin da ke akwai, suka yi ta kai da kawowa. A ƙarshe su da kansu suka ce a mayar da valiz. Ban umarce su ba, ban kuma yi murna ba. Wa zai yi murna yana jin kukan ƴarsa ta bayan ƙofa?

Kada in yi wa masu karatu ƙarya cewa komai ya gyaru. Nana tana zuwa aikinta na renon yara ta dawo ta rufe ɗaki. Gidaje biyu da a dā suke yawan tambayar lafiyarta sun daina kira, wato abin da Inna take tsoro bai zama tatsuniya ba. Har yanzu ina teburin nan, Alhaji yana nasa, tsakaninmu taku kaɗan ne amma babu mai tsallakawa.

Da lokacin ziyarar kabarin Haruna ta bana ya zo, Kabiru ne ya ce zai kai ni Lyon a motarsa. Bayan mun yi addu'a a bakin kabarin, yana tsugune yana cire ciyawa, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Gwaggo, da su Kaka sun yi wanga analiz, da ba a haihi Baba Haruna ba ke nan?"

Tambayar ba baƙuwa ba ce a wurina. Ni ma na taɓa yi wa Haruna ita, wata rana da hantsi a asibiti, bayan ciwon ya ɗan sake shi. Na ce masa, auta, kai da kake ta cewa a duba jini, da su Inna sun duba ai da babu kai. Ya ce, "Da babu ni, wa zai cinye miki kilishin da kike ɓoyewa?" Sai ya daɗe yana kallon ledar ruwan da ke ɗiga a hannunsa. Ya ce, "Na zo, na gode Allah, ban yi nadamar zuwa ba. Amma ban yi wa kowa fatan ya zo ta wagga hanya ba. Su Inna ba su sani ba, Yaya. Ke kin sani."

Haka na gaya wa Kabiru, kalma da kalma. Ya ci gaba da cire ciyawar har ya share kabarin tas.

Idan na auna abin da ya rage na Haruna, ba shi da yawa a ido. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Akwai kundin bincikensa da ba na iya karantawa, akwai ɗigon jinin tsuntsaye a firigon Lyon, akwai kukan nan a tsohuwar wayarsa da nake cajawa har yau. Sai kuma sunan ciwon da ya rayu da shi a ɓoye, wanda yanzu kowa a danginmu ya ji da kunnensa, ko ya so ko ya ƙi. A makon jiya wata ƴar ƙanwar innarmu ta kira ni daga Maradi, ta yi ta kewaye-kewaye da gaisuwa, can ta rage murya ta ce ɗanta zai nemi aure, wai yaya sunan gwajin nan? Na faɗa mata, na sake maimaitawa da ƙarfi don ta ji da kyau.

Allah Ya jiƙanka, auta, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya saukar da kai inda babu sanyi. Na fito daga ɗaki na faɗa, kuma ina biyan kuɗin fitowar kullum. Da za a mayar da ni bakin gadon nan, a sake zuge akwatin, da na sake fitowa.